Giyar Porto: wa ke cin ribar jira, wa ke kwana da asara a kan duwatsun Douro

Yawancinmu in aka ce Porto ƙwallo ce za ta fara faɗo mana a rai, kulob ɗin nan na garin Porto a ƙasar Fotugal mai riga shuɗi da fari wanda Mourinho ya ɗauki kofin zakarun Turai da shi a 2004. To mutumin da ya kafa kulob ɗin a 1893, António Nicolau de Almeida, ɗan kasuwar giya ne, kuma huldar cinikinta da Ingila ce ta sa ya san ƙwallo har ya kawo ta garinsu. Fiye da shekara ɗari biyu kafin wannan lokacin sunan garin ya riga ya shiga duniya a jikin gangunan wata giyar inabi mai zaƙi mai ƙarfi, wadda har yau da sunan garin ake kiranta.

Bari in faɗa tun yanzu kar wani ya fahimce ni a baibai, giya haramun ce a addinina, ba na sha kuma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja ni ga maganar noma ne da kasuwa. Da wuya ka samu wani amfanin gona a duniya da aka daɗe ana ɗaure shi da doka kamar wannan, inda hukuma ce ke faɗin iyakar inda za a shuka, da adadin da za a yi duk shekara, da adadin da ɗan kasuwa zai iya fitarwa daga sitonsa, amma duk da wannan tsari na shekaru aru-aru yau manoman kwarin kogin Douro, inda ake noma inabinta, suna fitowa titi suna cewa abin da suke nomawa ba ya mayar musu da kuɗin aiki. Yadda aka yi aka iso nan shi nake so mu bi a hankali.

Farko dai mene ne bambancinta da sauran giyar inabi. In aka matse inabi aka bar ruwan, ƙwayoyin yis za su yi ta cinye sukarin da ke ciki suna mayar da shi sinadarin da ke sa maye, har sukarin ya ƙare, sai a samu giya marar zaƙi mai ƙarfin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. A giyar Porto ba a bari aikin ya kai ƙarshe. Bayan kwana biyu ko uku, lokacin da wajen rabin sukarin yana nan, sai a kwarara wata farar barasa mai zafin gaske a ciki, wadda aka samu ta hanyar dafa giya a tara tururinta, ƙarfinta kashi 77. Nan take yis ɗin ya mutu. Sukarin da ya rage ya zauna, ƙarfin ya haura zuwa kashi 19 har 22. Ma'aunin da suka saba da shi shi ne lita 115 na wannan farar barasa a kan lita 435 na ruwan inabi, ya ba da lita 550, cikin ganga guda kenan da suke kira pipa, kuma da ita ake lissafin komai a yankin, daga farashi har kason da hukuma ke rabawa. Ku riƙe wannan lita 115 ɗin, za mu dawo kanta, don rigimar yau a kanta take.

Tunda kwana biyu ko uku kacal ake da su a fitar da launi da ɗanɗano daga ɓawon inabin, dole a yi aikin da ƙarfi, shi ya sa har yanzu wasu gonaki ke tattaka inabi da ƙafa. Akwai wani faffaɗan kwami na dutse, a cika shi da inabi, mutanen da suka wuni suna tsinka a rana su wanke ƙafa su shiga da gajeren wando abin ya kai musu gwiwa ko ya wuce, su jeru kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, wani yana ba da amo suna ɗaga ƙafa suna saukewa tare, a hankali suna matsawa gaba har su kai bango su juyo, wajen awa biyu a haka kafin a saki layin a sa kiɗa kowa ya taka yadda ya so. Dalilin ƙafar shi ne tana murƙushe ɓawo amma ba ta fasa ƙwallon ciki, wanda in ya fashe ɗaci zai kawo. Yanzu manyan kamfanoni sun ƙera injuna masu kwaikwayon wannan takun, don samun masu yin aikin dare bayan aikin rana ya yi wuya.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba, ba a garin Porto ake noma inabin ba sam. Sai ka bi kogin Douro ka yi gabas wajen kilomita ɗari, ka tsallake duwatsun Marão da ke tare ruwan saman da ke tasowa daga teku, sannan ka shiga ƙasar inabin. Wuri ne mai gangara sosai, ƙasar ma ba ƙasa ba ce, dutse ne mai ɓarewa falle-falle wanda kakanninsu suka farfasa da hannu suka gina katangu hawa-hawa don kurangar ta samu wurin tsayawa. Su da kansu suna cewa wata tara na sanyi suke da shi da wata uku na wuta, kuma a watan Yulin 2022 an auna zafi digiri 47 a garin Pinhão da ke tsakiyar yankin. Inabin ya kai wajen hekta 43,000, manoman kuma sun kusa 20,000, in ka raba za ka ga yawanci ƙananan gonaki ne, da yawa ma ba su kai hekta ɗaya ba. A irin wannan gangara tarakta ba ta shiga ko'ina, yawancin aikin na hannu ne, kuma amfanin da hekta ke bayarwa kaɗan ne. Saboda haka kilo ɗaya na inabin Douro ya fi tsadar nomawa nesa ba kusa ba a kan na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta tsakiyar Sifen inda inji ke girbi.

To me ya sa aka wahalar da kai a irin wannan wuri? Yaƙi ne da haraji. Turawan Ingila giyar Faransa suka saba sha, amma a ƙarshen ƙarni na 17 rigima tsakanin ƙasashen biyu ta sa ana hana shigo da ita ko a lafta mata haraji, sai 'yan kasuwarsu suka karkata Fotugal, tsohuwar ƙawarsu tun yarjejeniyar 1386. A 1703 aka ƙulla yarjejeniyar Methuen, Fotugal ta buɗe ƙofa ga yadin ulun Ingila, ita kuma Ingila ta yi alkawarin harajin giyar Fotugal zai kasance ƙasa da na Faransa da kashi ɗaya cikin uku. Duk wanda ya karanta tattalin arziki a jami'a ya ci karo da misalin David Ricardo na 1817 kan yadin Ingila da giyar Fotugal, to daga wannan cinikin ya ɗauko shi. Matsalar ita ce giya tana lalacewa a doguwar tafiyar teku, sai aka fara ƙara mata ɗan abu mai ƙarfi don ta isa lafiya. A hankali masu saye suka fi son mai zaƙin, har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 tsayar da tsimin a rabi ya zama ƙa'ida. Ba kowa ya yarda ba ma, Joseph James Forrester, Baturen Ingila da ya zana taswirar kogin, ya yi ta faɗa a shekarun 1840 cewa wannan ƙarin lalata giya ne, bai yi nasara ba, kuma kogin ne ya ci shi a 1861 lokacin da kwalekwalensu ya kife a wani mugun wuri da ake kira Cachão da Valeira.

Kasuwa na buɗewa algus ya shigo. Aka riƙa kawo giya marar kyau daga wasu wurare ana rina ta da ruwan 'ya'yan wata bishiya don ta yi duhu, ana zuba sukari da barkono, masu saye a Landan suka gane, farashi ya faɗi warwas. A 1756, shekara guda bayan girgizar ƙasar da ta rusa Lisbon, babban ministan sarki wanda daga baya aka sani da Marquês de Pombal ya kafa kamfanin gwamnati da zai riƙe harkar, daga baya aka kakkafa ginshiƙan dutse 335 don shata iyakar yankin da aka yarda a kira giyarsa da wannan suna, aka ba da umarnin tumɓuke waccan bishiyar rini. Wannan na cikin na farko-farko a duniya da aka shata wa amfanin gona iyaka da doka. Amma fa ba a ruwan sanyi aka yi ba, a 1757 masu shagunan giya da talakawan Porto suka yi bore saboda kamfanin ya ƙwace musu ciniki, Pombal ya tura soja, aka rataye mutane har da mata. Bayan shekara ɗari kuma wani ƙwaro mai cin saiwa da ya zo daga Amurka ya shiga yankin a shekarun 1860 ya kashe gonaki bila adadin, sai da aka yi wa inabin Turai aure da saiwar na Amurka sannan aka farfaɗo.

Yanzu mu zo kan kwalbar kanta, don a nan kuɗin yake. In ka tsaya gaban kanta a Turai za ka ga sunaye barkatai, amma manyan hanyoyin biyu ne. Akwai wadda ake tsare ta daga iska don ta riƙe jan launinta da ɗanɗanon 'ya'yan itace, ita ce dangin Ruby. Akwai kuma wadda ake bari shekaru a ƙananan gangunan katako iska na shiga kaɗan-kaɗan har launin ya koɗe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ɗanɗanon ya koma na busassun 'ya'yan itace da gyaɗar Turawa, ita ce Tawny. A jikin kwalbar Tawny za ka ga an rubuta shekara 10, 20, 30, 40 ko 50, kuma wannan ba shekarar girbi ɗaya ba ce, haɗi ne na ganguna daban-daban wanda kwamitin ɗanɗano na hukuma ya yarda ya kai matsayin wannan shekarun. In daga girbin shekara guda take kuma ta yi aƙalla shekara bakwai a ganga, sunanta Colheita. A ɓangaren ja akwai LBV mai shekara huɗu zuwa shida a ganga, sai kuma sarauniyar, Vintage, wadda ake ɗurawa a kwalba bayan shekara biyu zuwa uku ba tare da tacewa ba, a bar ta ta yi shekara ashirin ko arba'in tana nuna a cikin kwalbar. Ba kowace shekara ake yinta ba, gida ne ke sanarwa cewa girbin bana ya isa, a al'ada wajen sau uku a shekara goma, kamar 1963, 1977, 1994 da 2011. Ita ake yi wa rubuce-rubuce, ita ake gwanjo, amma a yawan abin da ake sayarwa ɗan mitsitsin kaso ce.

Yadda ake shanta ma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wannan ya shafi ciniki kai tsaye. Turawan Ingila bayan abinci suke sha, musamman lokacin Kirsimeti, da wani cuku mai gishiri mai shuɗi-shuɗi da ake kira Stilton, a tsiyaye tsohuwar kwalba a hankali cikin wani tulun gilashi don lakar da ta kwanta a gindi kar ta biyo, sannan tulun ya zaga tebur ta hannun hagu, kowa ya zuba ya miƙa gaba. Su masu tsadar suka fi saye, amma ciniki ne na 'yan makonni a ƙarshen shekara. Faransawa kuwa, waɗanda suka daɗe suna kan gaba a yawan saye, kafin abinci suke sha, kuma mai arahar babban kanti suke ɗauka, haka ma Holan da Beljiyam. A Fotugal ɗin kanta yanzu farar Porto, wadda ake yi da farin inabi, ake haɗawa da ruwan tonik da ƙanƙara ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido a bakin kogi. Ƙaramin kofi ake zubawa saboda ƙarfinta, kuma Tawny in an buɗe tana iya yin makonni ba ta lalace ba, Vintage kuwa kwana ɗaya zuwa biyu ne. Wato kwalba ɗaya sai ta daɗe a gida ba a sayi wata ba, wanda ga mai sayarwa ba labari ne mai daɗi ba.

Abin da ake sayarwa a kwalba mai tsada, in ka duba da kyau, lokaci ne. Kuma lokaci sai mai jari. Akwai doka da ta ce ɗan kasuwa ba zai sayar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke sitonsa a shekara ba, ma'ana kafin ka sayar da kwalba ɗaya sai kana da uku a ajiye. An yi dokar don kare inganci da hana 'yan ci-da-gaggawa, kuma ta yi aikinta, amma ta kuma rufe ƙofa ga duk wanda ba shi da kuɗin da zai binne shekaru. Ƙari a kan haka, daga 1926 har zuwa 1986 doka ta wajabta duk wadda za a fitar waje sai ta bi ta sitocin Vila Nova de Gaia, garin da ke tsallaken kogi yana kallon Porto, inda iskar teku ke da sanyi da laima. Shekara sittin kenan manomin Douro ya yi ba shi da ikon ɗura giyarsa ya aika wa mai saye a waje da sunan gonarsa. Duk wanda ya san yadda manomi a wajenmu ke sayar da hatsi da kaka a wulaƙance saboda bashi, mai sito ya ajiye ya fito da shi da damina, ya fahimci tsarin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yau ƙungiyoyi biyar ne ke riƙe da mafi yawan cinikin, iyalin Symington masu Graham's da Dow's da Warre's da Cockburn's, sai Fladgate masu Taylor's da Fonseca da Croft, sai Sogrape masu Sandeman da Ferreira, sai masu Kopke da Cálem, sai masu Porto Cruz da ke hannun wani kamfanin Faransa. Masu saye biyar, masu sayarwa dubbai.

Saboda wannan rashin daidaito ne aka ƙirƙiro abin da ya kamata ya zama garkuwar manomi. A 1932 aka kafa ƙungiyar manoma ta Casa do Douro, a 1933 aka kafa hukumar kula da giyar, wadda tun 2003 ake kira IVDP. A ƙarshen shekarun 1940 wani masanin noma, Álvaro Moreira da Fonseca, ya tsara yadda za a ba kowace gona maki, a duba tsayinta daga kogi, da irin ƙasar, da gangara, da inda take fuskanta, da irin inabin da shekarun kurangar, da yawan amfanin da take bayarwa, sai a sa ta a aji daga A zuwa ƙasa, waɗanda suka faɗo ƙasa da F ba su da rabo. Duk shekara kafin girbi sai majalisar da ta haɗa manoma da 'yan kasuwa ta duba abin da aka sayar da abin da ke sito, ta yanke adadin gangunan da aka yarda a mayar Porto a bana, a raba wa gonaki gwargwadon ajinsu. Wannan izinin shi ake kira benefício. Manomi zai karɓi takardarsa, inabin da ke cikin kason takardar a saye shi da daraja, wanda ya yi saura kuma ya tafi giyar tebur ta yau da kullum a farashin da sau da yawa bai kai rabin na farkon ba.

A nan tsarin ya fara cin kansa. Da can giyar tebur ta Douro ba abin a zo a gani ba ce, ragowa ce. Amma tun daga 1952 da wani masanin haɗa giya, Fernando Nicolau de Almeida, ya yi wata giyar tebur mai suna Barca Velha aka gane yankin na iya ba da giyar tebur ta ƙwarai, kuma daga shekarun 1990 zuwa yau ta bunƙasa har ta zama babban ɓangare na abin da yankin ke sayarwa. Sai dai inabin da ake yinta da shi ana sayensa ƙasa da kuɗin da aka kashe wajen noma shi, manomi yana haƙura ne saboda kuɗin takardar Porto yana toshe ramin. Ma'ana kayan da kasuwarsa ke raguwa shi ke ɗauke da nauyin kayan da kasuwarsa ke ƙaruwa. Sannan takardar kanta ta zama haja, sanannen abu ne a yankin cewa ana cinikinta a bayan fage, mai babbar gona mai kyau ya sayi izinin ƙaramin manomi ya yi amfani da nasa inabin. Wasu daga cikin manyan gidajen da kansu sun daɗe suna cewa tsarin ya tsufa, amma ga tsohon da ke da rabin hekta a kan dutse wannan takardar ita ce fanshonsa, ka taɓa ta ka taɓa tukunyar gidansa.

Kasuwar kuwa raguwa take yi. Wajen shekara ta 2000 aka kai ƙololuwa a yawan sayarwa, tun daga nan ake gangarowa, kuma mai arahar nan ta Faransa da Holan da Beljiyam ita ta fi zubewa. Tsofaffin da suka saba da ita suna ƙarewa, matasan Turai ba sa son abu mai zaƙi mai nauyi bayan abinci, da yawansu ma sun rage shan giya gaba ɗaya. Ingila ta sauya tsarin harajinta a watan Agustan 2023 ya koma gwargwadon ƙarfin abin sha, wanda ya fi dukan irin waɗannan masu kashi 20. Ga kuma maganar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa na da hannu a mutuwar mutum wajen miliyan 2.6 a shekara, kuma a farkon 2023 ta fito fili ta ce babu wani adadi da za a ce shansa ba shi da illa. Ni kam ba zan yi baƙin ciki don mutane sun rage shan abin da ke kashe su ba, ko kaɗan. Abin da ke damuna shi ne wa aka bar wa asarar, don kamfani yana da hanyar zillewa, manomi ba shi da ita.

Mutanen Douro ba sai sun yi nisa ba su ga inda irin wannan hanya ke kaiwa, maƙwabtansu na kudancin Sifen sun riga su. Giyar Sherry ta yankin Jerez ita ma ƙarfafa ta ake yi, sai dai bayan tsimin ya kammala, shi ya sa asalinta ba ta da zaƙi, kuma ana tsufar da ita ta hanyar jera ganguna ana ɗiba daga tsohuwa ana cikewa da ta bayanta. A shekarun 1970 kasuwarta ta yi tashin gwauron zabi, kamfanin Rumasa na José María Ruiz-Mateos ya yi ta saye gidaje yana cika kantunan Ingila da Holan da Jamus da mai araha, aka faɗaɗa gonaki suka haura hekta 20,000. Sunan ya zube, farashi ya karye, gwamnati ta ƙwace Rumasa a watan Fabrairun 1983, yau abin da ya rage bai fi wajen hekta 7,000 ba, kuma wani babban ɓangare na kuɗin da ke shiga garin daga gangunan da ake jiƙawa da Sherry ne a sayar wa masu yin wiski a Sikotilan. Marsala ta tsibirin Sisili, wadda wani Baturen Ingila John Woodhouse ya fara fitarwa a 1773, ta zama abin zubawa a miya a idon yawancin masu saye. Madeira kuma, wadda ake gasa ta da gangan wata uku a zafin digiri 45 zuwa 50 don a kwaikwayi abin da zafin cikin jirgin ruwa ke yi mata a da, ta tsira ne a matsayin ƙaramar sana'a ta gidaje ƙalilan.

Manyan gidajen Porto sun karanta wannan darasin, shi ya sa suka karkata ga sayar da kaɗan mai tsada, suka fito da Porto mai launin ruwan hoda a 2008, aka ƙara ajin shekara 50, suka kuma zuba kuɗi a yawon buɗe ido. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, yanzu jiragen ruwa na shaƙatawa ne ke hawa da sauka a kogin, tsofaffin sitocin Gaia sun zama wurin karɓar baƙi da tikiti, Fladgate ta gina otal a 2010 ta kuma buɗe katafaren wurin baje koli a 2020. Ta fuskar kasuwanci dabara ce mai kyau. Amma kwalba kaɗan mai tsada tana nufin inabi kaɗan ake buƙata, kuma katangun da baƙi ke biyan kuɗi su zo su ɗauka a hoto, wanda ke gyara su in ruwa ya rusa ba ya ganin ko sisi daga kuɗin otal.

Ga yadda abin ya bayyana a lissafi. A 2022 an ba da izinin ganga 116,000. A 2023 aka rage zuwa 104,000, a 2024 zuwa 90,000, a 2025 zuwa 75,000. Cikin shekara uku an yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke riƙe da gidajen manoma, a daidai lokacin da kuɗin ƙwadago da magani da man fetur suka hau, matasan ƙauyukan sun tafi birni ko ƙasashen waje, masu tsinkar inabi sai an ɗauko su daga Asiya. Shi ya sa aka ga manoma sun cika titunan Peso da Régua, inda ofishin hukumar yake, a 2024 da kuma 2025.

Babbar buƙatarsu ta komo kan lita 115 ɗin nan. A lokacin doka ba ta ce farar barasar da ake zubawa sai daga Douro ba, inabi dai za a yi ta da shi, don haka kamfanoni suna sayo ta inda ta fi araha, galibi daga wajen yankin har da wajen ƙasar. Manoman suka ce to ta yaya za a ce kwalba ta Douro ce, an kafa duwatsu tun zamanin Pombal don kare sunan, alhali kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke ciki daga wani wuri ya zo, mu kuma ga namu inabin yana ruɓewa a kan kuranga ba mai saye? A dafa rarar tamu a yi barasar da ita mana. Lissafin yana da jan hankali, don sai an dafa lita shida zuwa bakwai na giya kafin a samu lita ɗaya mai ƙarfin 77, wato buƙatar za ta iya shanye rarar da ke danne farashi. 'Yan kasuwa kuma suka ce ai nan gizo ke saƙar, inabin dutse mai tsadar nomawa in ka dafa shi ka mayar barasa za ta ninka ta waje tsada, kwalbar da ake sayarwa da ƙyar a kantin Faransa in ka ƙara mata kuɗi ta mutu kenan, kowa ya rasa.

Duka ɓangarorin akwai gaskiya a bakinsu, amma ni na fi karkata ga manoman, aƙalla a kan kwalabe masu tsada. Wanda zai sayi Tawny mai shekara 20 ko Vintage ba ƙarin yuro ɗaya ko biyu ne zai hana shi ba, kuma da sunan dutsen da hannun da ya tsinka ake sayar masa da ita, to babu dalilin da zai sa a yi tsimin kuɗi a kan wannan kashi ɗaya cikin biyar. A mai araha kuwa maganar 'yan kasuwa ta fi ƙarfi, kuma a can babu makawa wasu gonakin sai an tumɓuke su ko a sauya abin da ake shukawa, zaitun ko almon da dama yankin ya san su. In za a yi hakan, a biya mai gonar diyya ta gaske daga aljihun gwamnati da na gidajen da suka yi shekara ɗari uku suna cin ribar ajiya, kar a bar shi ya gano da kansa a watan Satumba, inabi ya nuna a hannunsa, cewa bana ba mai zuwa ɗauka.